Shafi na Ɗari da Sha Biyu

Sunansa Bronislaw.
Asantawa suka ji, suka ƙyalƙyale da dariya,
don a bakinsu broni Bature ne.
Suka ce ai wannan tun a zanen suna
aka san zai zo Kumasi.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu
na bar runfar goron babana a Aboabo,
na zama mai ɗebo masa ruwa,
mai goge gilashin fitila,
mai korar cinnaka daga keken rubutu.
Da rana yana koya wa ɗalibai yadda gada ke ɗaukar nauyi.
Da dare, kwas, kwas, kwas,
kamar kaza a kan faranti,
har ladanin Zango ya yi kiran assalatu.

Ya ce min a yaƙin ƙasarsu
ya yi wata bakwai a ramin ƙarƙashin gida
da uwarsa da buhun dankali.
Akwai huda a sama, faɗin kwabo.
Tauraro ɗaya yake gani ta nan,
shi ma ba kullum ba.
Ya ce, Tanimu, tun daga ranar
ban daina biyan bashin tauraron nan ba.

Ya rubuta wata duniya da ake sayar da barci a mudu,
talaka ya kwana ido biyu yana ƙirga rance.
Ya rubuta injin da aka sa ya ƙidaya matattu,
hukuma ta ce ya rage, ya ƙi,
aka kwance shi ƙusa ƙusa,
kowace ƙusa na faɗin adadin.
Na ce, Broni, me ya kai ka nesa haka?
Ya ce a garinsu akwai mai jan alƙalami,
zaune yake a ƙofar kowane littafi.
In za ka faɗi gaskiyar unguwarku
sai ka ɗauki unguwar ka aje ta bayan wata.
Na ce, ashe habaici kake yi.
Ya sa na maimaita kalmar sau uku.

Daren da ya ba ni labarin jirgin
da ya yi shekara ɗari uku yana tafiya
har jikoki suka manta inda aka dosa,
na ce, to, in lokacin salla ya yi,
ina za su fuskanta?
Ya aje tabarsa. Ya dube ni.
Bai ci wake da shinkafar da na sayo ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi gidan rediyo
ya tafi da akwati biyu.
Ya bar min fitilar da sukudireba.
Da ita na ci abinci shekara hamsin
ina gyaran rediyo a bakin Kejetia.

Bayan damina tara sai ga ƙunshi a gidan waya.
Littafi ne, haruffansa masu wutsiya,
wasu an soke su da mashi.
Ban gane komai ba sai sunana,
a shafi na ɗari da sha biyu,
sau goma sha ɗaya.
Ɓarawo ne ni a ciki, ko liman, ko kare?
Babu wanda zan tambaya.
Daga baya na ji ya rasu, a bakin wani tsohon ɗalibinsa.

Jiya jikata Rakiya ta ɗora wayarta a kan shafin,
ta ce, Kaka, wannan tana jin kowane yare.
Wayar ta buɗe baki:
Sai Tanimu ya kashe fitilun jirgin duka,
ya ce ku leƙa ta hudar nan.

Na ɗora tafin hannuna a kan takardar.
Na ce ya isa, 'yar nan.
Ki bar min sauran goman.
Na saba da su a rufe.